Makon da Mai Fenti Ya Kama Bakinsa

Duk wanda ya san Mai Fenti ya san abu biyu game da shi: hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Tun yana saurayi yake zanen allunan shaguna a wani ɗan ɗaki da ke tsakanin mai walda da mai gyaran fanka, ɗakin da in ka shiga, warin fenti da kananzir sai ya raka ka har gida. Kawunan da ke ƙofar kowane mai aski a layin nan shi ya zana su. Takalmin da ke saman rumfar mai gyaran takalma, da zakin da ke bayan motocin ɗaukar kaya, duk aikinsa ne. Sai dai kafin ya miƙa maka allonka sai ka sha musu ka ƙoshi. In ka ce ja kake so, zai ce shuɗi ya fi. In ka yarda da shuɗin, zai tambaye ka me ya sa ba ka da ra'ayin kanka. Mutumin da yake musu da rediyo! Mai labarai na karatu, shi yana mayar masa da martani, har da nuna masa burushi.

Matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Biyu saboda tagwayen 'yan mata da ta haifa, ta daɗe da gano maganinsa. Ba ta musu da shi. Takan bar shi ya yi ta zuba har ya gaji don kansa, sannan ta ce, “To, ka gama? Ga ruwan wanka can yana hucewa.” Haka suka yi zamansu har tagwayen suka yi aure, kansa ya yi fari fat, nata ma furfura ta fara leƙowa.

Da injinan buga alluna suka shigo gari, aiki ya ja baya. Masu shaguna suka koma wurin da ake buga musu allo a yini guda ba tare da an ce musu ba su da ra'ayi ba. Mai Fenti ya zama yana wuni a ƙofar shago yana zagin allunan zamani, yana cewa kifin da inji ya buga ko mage ba za ta kalla ba. Ɗaya daga cikin tagwayen ce ta ji tausayinsa, ta kawo masa waya mai shafawa, ta nuna masa wani shafi a intanet da ake kira Rumbu. Wuri ne da 'yan sa-kai ke tara bayanin komai da Hausa, daga yadda ruwan sama ke haɗuwa har zuwa yadda ƙoda ke aiki. Ba a biyan kowa, ba wanda ya san fuskar wani, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Rubutu kam akwai shi jingim, zane ne babu.

Nan Mai Fenti ya samu abin yi. Yakan zana abu a farin kwali da baƙin alƙalami, ya jingina shi a ƙofa da hantsi lokacin da haske ya yi kyau, ya ɗauke shi hoto da waya ya ɗora. Ya zana cikin famfon tuƙa-tuƙa, ya zana keken ɗinki a warware, ya zana haƙoran akuya bayan ya sha cizo wajen buɗe bakin ta maƙwabci. Mutanen Rumbu suka yi ta sa masa albarka. Abin da 'yarsa ba ta lura da shi ba shi ne, bayan kowane shafi akwai wani wuri da suke kira zaure, inda ake muhawara a kan abin da aka rubuta. Wayyo! Da ta san da zauren nan, da ta saya masa sabon rediyo kawai ta huta.

Ana cikin haka ciwo ya shigo gidan ba sallama. Uwar Biyu ta daɗe da ganin wata 'yar lotsawa a mamanta na hagu, fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, kan maman kuma ya ɗan shige ciki. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai ta ɗauka tsufa ne. Har ta taɓa sa shi ya karanta mata shafin sankarar mama a Rumbu, inda aka rubuta cewa daga cikin alamomi akwai canjin fata da sauyin siffa. Ta ce, “Canjin fata wane iri? Ai duk jikina ya canza fata.” Suka yi dariya suka bar maganar. Ranar da ta je asibiti, likita ya duba sau ɗaya ya tambaye ta me ya zaunar da ita har yanzu. Aka ce za ta yi watanni tana karɓar magani ta jijiya, daga nan a yi tiyata a cire maman.

Bayan kwana kaɗan, da la'asar, ta tura ƙofar ɗaki ta ce masa, “Ɗauko kwalinka da alƙalami.”

“In zana me?”

“Abin da likita ya gani da kallo ɗaya, ni na yi wata da watanni ina kallo ban gane ba.”

Ya tashi tsaye, ya koma ya zauna. Ya ce haba, ya ce ina, ya ce me mutane za su ce, ya ce shi fa mijinta ne. A ranar ne karo na farko a zamansu da ta tare shi da musu, kuma ta kayar da shi.

“Ba fuska, ba suna, wa zai san ni ce? Ka iya buɗe bakin akuyar mutane don a ga haƙori, wannan ne zai gagare ka? Baban biyu, kafin su cire shi ina so in gan shi a shafin nan da idona, a inda wata za ta gani ta ruga asibiti da wuri. Abin da nake roƙonka ke nan, ban roƙe ka wani abu ba.”

Ya zana. Mutumin da ke jan layi a gefen babbar mota ba tare da ma'auni ba, sai da ya ɓata kwali uku. Na huɗun ya fito yadda ya kamata: baƙin layi a kan fari, lotsawar a inda take, ɗigo-ɗigon fatar, da kibiyoyi ƙanana masu nuna abin da za a duba. Washegari da hantsi ya ɗora shi. Kafin ya dawo gida ya nuna mata, an riga an rufe zanen. A wurinsa sai wani akwati mai ruwan toka da aka rubuta cewa ana muhawara.

Wanda ya kai ƙara wani ne mai kiran kansa Malamin Aji. Kuma a faɗi gaskiya, ba mutumin banza ba ne. Malamin firamare ne da ke buɗe wa ɗalibansa Rumbu a kwamfuta ɗaya tilo da makarantarsu ke da ita, shi ne ma ya rubuta yawancin shafukan lissafi. A safiyar nan yana koyar da sassan jiki, wani ɗalibi ya danna nan ya danna can, sai ga zanen ya cika allon kwamfuta. Aji ya kaure da ihu da shewa, hedimasta ya leƙo, kafin a tashi wani uba ya zo yana tambayar abin da ake koya wa 'ya'yansu. Malamin Aji ya rubuta a zaure cewa shi ya yarda da Rumbu kamar ɗakin karatu, ga shi an ja masa abin kunya, don haka a cire.

Mai kula da zauren wata mata ce da ake kira Ruwan Sanyi, kuma sunan ya bi ta. Ita ta tuna wa kowa dokar da suka kafa tun da daɗewa don irin wannan rana. Duk hoton da aka yi ƙararsa, a rufe shi, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Sai an yi mako guda cur ba wanda ya amsa wa wani, sannan a ƙirga masu so da masu ƙi, a yanke hukunci. Wanda ya yi magana ba a tanka masa ba, maganarsa ba ta hana mako cika. Amma da zarar wani ya amsa wa wani, to muhawara ba ta mutu ba, ƙirgen mako ya koma farko. Agogo suke ce wa wannan ƙirge. Waɗanda suka kafa dokar mutanen kirki ne masu son zukata su huce kafin a yi hukunci. Laifinsu ɗaya, ba su san Mai Fenti ba.

Kai, zauren nan ya ga abu! Wani ya ce zanen batsa ne. Mai Fenti ya ce wanda ya ga batsa a jikin marar lafiya, idonsa ne ke buƙatar likita. Wata ta ce ita nas ce, zanen daidai yake, a mayar. Maimakon ya bar ta, sai ya amsa mata cewa ba “daidai” kawai yake ba, ya wuce daidai. Wani dattijo ya ce a yi sulhu, ya ɗauki zanen ya shafa baƙin layi mai kauri a kan kan maman, wato a kan ainihin abin da aka yi zanen dominsa. Mai Fenti ya tambaye shi ko in an ce ya zana agogo zai goge hannayen don kunya. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya zana wa zanen riga har wuya ya ce ga shi an suturta, sai ya zama hoton riga da kibiyoyi suna nuna maɓalli. Wani ya ce a sa hoton lemo kawai tunda an ce fatar kamar ɓawonsa take. Duk wanda ya tofa, Mai Fenti na nan tsaye da amsa kafin yawun ya bushe.

Wanda ya fi ba shi wahala ma ba abokin gaba ba ne, mai goyon bayansa ne. Wani mai suna Ba Takunkumi ya shigo da ƙarfinsa yana cewa ilimi ba ya da kunya, duk abin da ido zai iya gani a bar shi a Rumbu, wanda ba ya so ya rufe wayarsa. Don ya nuna da gaske yake, sai ya ɗora wasu hotuna da ba su da alaƙa da ciwo ko magani, irin waɗanda ko mai walda da ya leƙa wayar sai da ya yi salati. Masu son a cire suka ce, kun gani ko, ga inda abin zai kai mu. Mai Fenti ya juya kan Ba Takunkumi ya wanke shi tas, ya ce kada ya ƙara haɗa zanensa da wannan ƙazanta. Ruwan Sanyi ta goge hotunan ta kori mai su, amma agogo ya riga ya koma farko.

Abin haushin shi ne, tun a makon farko masu son a mayar da zanen sun fi yawa nesa ba kusa ba. Shiru kawai ake jira. Malamin Aji ba ya gajiya, duk bayan kwana biyu sai ya sake kawo maganar ɗalibansa, amma da an ƙyale shi da maganarsa ta wuce a banza. Wa zai ƙyale shi? Sau da yawa a kai kwana biyar, a kai shida, sai Mai Fenti ya ga wata kalma da ta tsaya masa a wuya, ya ce wannan kam ba za ta kwana ba. Ruwan Sanyi ta aiko masa da saƙo shi kaɗai: “Baba, don girman Allah ka yi shiru. Kai ke da rinjaye. Bakinka ne kawai ke rufe da zanen nan.” Ya karanta, ransa ya ɓaci, ya shiga zaure a gaban kowa ya amsa wa Malamin Aji cewa shi ba a taɓa sa shi shiru ba, ba kuma yau za a fara ba.

A gida kuwa magani yana cin Uwar Biyu. Gashinta ya zube, abinci ya daina yi mata daɗi, in ta dawo daga asibiti sai ta yini kwance fuskarta na kallon bango. Duk da haka takan juyo ta tambaye shi, “Ya fito?” Shi kuma ya ce saura kaɗan, wasu marasa kai ne suka tsaya a hanya, amma yana nan yana gyara musu zama. Takan ce Allah ya sa, ta koma ta kwanta. Yana fita tsakar gida zai zaro waya ya ci gaba da gyara musu zama, yana ji a ransa yaƙinta yake yi.

Ranar da aka sa musu ranar tiyata, 'yar da ta kawo wayar ta zo duba uwarta. Uwar Biyu ta sa ta buɗe zauren ta karanta mata tun daga sama, har da dokar agogo. 'Yar na karatu muryarta na ƙanƙancewa, don kowane layi biyu sai sunan babanta ya fito. Da ya shigo, ya tarar da matarsa a zaune ta jingina da filo, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

“Ashe kai ne,” ta ce.

“Ni ne me?”

“Marar kan da ya tsaya a hanya. Wata nawa ina tambayarka, kana ce min wasu ne.”

“Uwar Biyu, ba ki ga abin da suke faɗa ba ne. In na yi shiru ai sun ɗauka…”

“Su ɗauka! Su ɗauki duk abin da suka ga dama su kai gidansu. Ni na buɗe jikina don wata ta tsira, ba don ka samu abokan musu ba. Saura mako guda cur a shiga da ni. In ka ƙara tanka wa wani, ko da sunan Allah ya kira ka, to ka sani kai ka hana ni gani.”

'Yarsa ta rantse daga baya cewa ba ta taɓa ganin an faɗa wa babanta magana mai tsawon haka ya haɗiye ba.

Makon nan layin masu walda ya ɗanɗana kuɗarsa. Duk musun da ya kamata ya zube a zaure, a kansu ya zube. Ya ce wa mai walda ƙofar da ya haɗa karkatacciya ce. Ya ce wa mai gyaran fanka shekara da shekaru yana ɗaure waya a baibai. Ya sake wa ƙofar shagonsa fenti, ya ce bai yi ba, ya sake. Ya ba mai walda ajiyar wayar ya ce ko ya roƙe shi kada ya ba shi, kafin azahar ya je ya karɓe da faɗa, wai wa ya ba shi ikon riƙe wayar mutane. Yakan buɗe zauren ya karanta, babban yatsansa na ƙaiƙayi, ya rubuta amsa mai zafi har ƙarshe, sannan ya goge ta harafi bayan harafi yana huci kamar wanda ya hau tudu da kaya. Amma bai aika ba. Maganganun Malamin Aji suka yi ta faɗuwa ba mai ɗauka, agogo ya yi ta tafiya. Lissafi ya nuna mako zai cika da safiyar ranar tiyata, kafin a shiga da ita, Ruwan Sanyi kuma ta yi alkawarin ba za ta ƙara ko minti ɗaya ba.

Ana gobe tiyata aka kwantar da Uwar Biyu. Da la'asar, lokacin ziyara, yana zaune a kujerar roba kusa da gadonta, fankar sama na juyawa a kasale, matar gadon gefe na fama da 'yan dubiya. Ya zaro wayar don ya ga ko lafiya. Malamin Aji, wanda shirun nan ya ishe shi ya kuma ga hukunci na matsowa, ya yi sabon rubutu:

“Tunda ba mai ba ni amsa, bari in yi tambaya ɗaya. Wannan zane ba daga ka aka yi shi ba, kowa ya gani ya san an kalli mutum ne. Wace irin mace ce za ta zauna ta buɗe ƙirjinta a gaban namiji ya zana, a baza wa duniya? Mace mai mutunci da iyali ba za ta yi ba. Ku duba irin mutanen da muke karɓar kaya daga hannunsu.”

Mai Fenti ya karanta sau biyu. A duk rayuwarsa ba a taɓa ba shi dalilin faɗa mai kyau irin wannan ba, kuma ba a taɓa ɗaure masa hannu irin na yau ba. Ya kife wayar a cinyarsa, ya danne ta da tafin hannu biyu, ya ƙura wa fanka ido.

“Me aka ce?” in ji Uwar Biyu.

“Ba komai. Fankar nan ce ba a ɗaure ta daidai ba.”

“Baban biyu, ba ni wayar.”

Ya so ya hana, amma hannun da ta miƙo duk tabon allura ne, sai ya ba ta. Ta nisanta wayar daga idonta ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi. Ta gyara zama, ta fara dannawa da yatsa ɗaya, tana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya leƙa ya ga abin da take rubutawa:

“Ni ce matar. Mijina ne ya zana, ni na sa shi. Da wannan maman na shayar da 'ya'yana biyu, gobe da safe za a cire shi. Da na ga irin zanen nan da wuri, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Malam, ka kare idon yaran ajinka, ban hana ka ba. Amma yaran nan suna da iyaye mata.”

“Uwar Biyu,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “agogon fa. In kika aika, ya koma farko. Gobe ne fa. Ba za ki gani ba kafin…”

“Na sani.”

“Mako guda ina haɗiye wuta saboda ke!”

“Sannu da ƙoƙari. Kai sau nawa ka mayar da shi baya a kan maganar banza? Ni ma a bar ni in yi nawa sau ɗaya a kan magana mai dalili.” Ta danna, ta miƙa masa wayarsa, ta ja mayafi.

Haka aka tura ta ɗakin tiyata da safe, akwatin toka na nan a inda zanen ya kamata ya kasance. Mai Fenti ya zauna a benci a baranda, haushi ya cika shi har wuya. Yana jin haushin Malamin Aji, yana jin haushin doka da waɗanda suka kafa ta, yana jin haushin mai baƙin layi da mai riga da mai lemo. Amma duk in ya zagaya sai ya dawo kan mutum ɗaya, wanda da ya kama bakinsa tun makon farko, da matar nan ta ga abin da ta roƙa tun gashinta bai zube ba. Wannan kam bai samu wanda zai yi musu da shi a kai ba.

An yi aiki lafiya. Da hankalinsa ya dawo jikinsa ya buɗe zauren, a shirye yake ya ga an yi ca a kan maganarta. Babu ko ɗaya. Rubutunta na nan a ƙasa shi kaɗai. Washegari ma haka, rana ta uku ma haka. Zauren da ko a kan launin akwati sai an yi kwana uku ana ja, ya yi tsit. Ba mai jaje, ba mai addu'a, ba mai ba da haƙuri, domin kowa ya gane cewa ko “sannu” aka ce mata an amsa ke nan, kuma agogo zai koma farko. Mutum ɗari da wani abu, kowanne da bakinsa, suka haɗu suka yi mata shiru.

Ranar da mako ya cika an riga an sallame ta, tana gida. Ruwan Sanyi ta ƙirga, ta buɗe zanen. Ko minti biyar ba a yi ba saƙonni suka fara zubowa, na farkonsu kuwa na Malamin Aji ne. Ya ce tun a yammacin nan ya rubuta ban haƙurinsa, ya riƙe shi mako guda yana jin kamar ya haɗiyi garwashi, don ya san in ya aika ya ƙara cutar da ita. Ya roƙi gafararta, ya ce ya yi maganar da ba ta dace da mai koyar da yara ba. Sai dai a ƙarshe ya ƙara da cewa har yanzu yana ganin ya kamata a sa gargaɗi a hanyar da ke kaiwa shafin, don kada ɗalibi ya faɗa ciki ba shiri.

“Ka ji shi ko!” in ji Mai Fenti, yana tsaye a tsakiyar ɗaki. “Ban haƙuri da wutsiya! Wallahi yanzu zan…”

“A sa gargaɗin mana, me ya rage ka da shi? Kawo nan in gani.”

Ya zauna a bakin gado ya riƙe mata wayar, don hannunta na hagu bai fara ɗaguwa ba tukuna. Ga shi nan a tsakiyar shafi, baƙin layi a kan fari, da lotsawar, da ɗigo-ɗigon, da ƙananan kibiyoyi. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta ƙara masa girma, ta mayar, ta sake kallo. Rigarta ta kwanta shafe a gefen hagu a kan bandeji.

“Ka yi masa kara,” ta ce. “Bai kai haka kyau ba.”

Ya buɗe baki zai yi musu, don a wannan kam yana da gaskiya, kuma duk duniya ba wanda ya fi shi sani. Muryar ce ta ƙi fitowa. Ta jira shi kamar yadda ta saba jira, ta ga haɓarsa na rawa, ta ga ba abin da ke zuwa. Sai ta karɓi wayar ta kife ta a kan bandejin, ta dafe da hannun dama.

“To, ka gama?” ta ce. “Je ka ɗora min ruwan wanka.”